Ɓarin tumaki bayan ruwa mai yawa: ina cutar take ɓuya?

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga likitocinmu. Bana ruwa ya sauka sosai a wajenmu, tafkunan da suka daɗe ba su riƙe ruwa ba duk sun cika sun tumbatsa. Alhamdulillahi ciyawa ta samu. Amma dattawan da suka ga abin da ya faru a Cintabaraden da Tasara a 2016 hankalinsu bai kwanta ba. Wancan karon da dabbobi aka fara, suna ɓari, 'ya'yan suna mutuwa, daga baya mutane suka riƙa kwanciya, wasu har da aman jini. An ce mana sauro ne ke kawo ta. To ai sauro kowace damina yana nan. Me ya sa sai a yi shekaru ba a ji ta ba? Ina take shiga?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Sunan cutar zazzaɓin Kwarin Rift. A Kenya aka fara gane ta tsakanin 1930 da 1931, a wata gonar tumaki kusa da tafkin Naibasha, inda 'yan raguna suka riƙa mutuwa da dubbansu.

Ba sauron maleriya ne ke tayar da ita ba. Akwai wani jinsi da ake kira Edis, shi ba a kan ruwa yake ƙwai ba, a kan laka yake yi, can bakin tafki ko gefen fadama. Ƙwan nan yana jure bushewa. Rani ya zo, ƙasa ta dare, shi yana nan da ransa. In damina ta yi ƙaranci ruwa bai haura wajen ba, sai ya ci gaba da zama. Ranar da ruwa ya rufe lakar, sai su ƙyanƙyashe a lokaci guda. Uwar sauron da ke ɗauke da bairos ɗin, wato ƙwayar cutar, kuwa tana iya zuba shi a cikin ƙwanta. A 1985 an wallafa wani aiki da aka yi a Kenya: an kwaso tsutsar sauro daga irin waɗannan kududdufai aka rene ta, sai ga bairos ɗin a jikin sauron da suka fito, har da maza. Namijin sauro ba ya shan jini, ka ga ke nan daga ƙwai ya gado.

Edis tayar da wuta kawai yake yi. Da ya ciji tunkiya, bairos ɗin ya cika mata jini cikin kwana kaɗan. Ruwan kuma yana nan kwance, sai sauron Kuleks ya hayayyafa a ciki, shi ne ke kwashewa daga wannan dabba zuwa waccan har garke ya kamu. Sai abu uku sun haɗu: ruwan da ya haura, sauro mai yawa, da dabbobin da jikinsu bai taɓa sanin cutar ba. Bayan annoba, waɗanda suka tsira sun sami kariya. Sai an sayar da su ko an yanka, sababbi sun maye gurbi, sannan ƙofa ta sake buɗewa. Wannan ma na cikin dalilin tazarar shekarun.

Ɗaliba a Zariya:
Likita, da izininka in ƙara. Ba duk masana ne suka yarda ƙwan sauro kaɗai ke ajiye ta ba. Ana gwada jinin dabbobi a shekarun da babu annoba a ga alamar sun taɓa kamuwa, har da ƙanana da aka haifa bayan annobar. Wato tana yawo a hankali ba a lura ba. Sannan a Sahel ba yawan ruwa kaɗai ake dubawa ba. Masu bincike a yankin Farlo na Senegal sun lura cewa idan ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci tafki ya ja baya, sannan aka sake maka ruwa mai ƙarfi a ƙarshen damina, a nan sauron ke fashewa da yawa.

Likitan Dabbobi:
Haka ne, 'yata. Na gode da ƙarin.

Ɗan Maiwurno:
Gaisuwa daga Sudan. Mu nan ba ma sai an jira ruwan sama ba, ruwan noman rani ya isa. A ƙarshen 2007 ta shiga jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira, inda magudanan ban ruwa suke kuma Hausawa da Fulani suke da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa mutum 738 da suka kamu, 230 suka rasu. Masar ma a 1977 ta bakin Nilu ta bi, kusan mutum 600 suka tafi. Muritaniya kuwa a 1987 ta same su, shekara guda bayan an gama madatsar Diyama a kogin Senegal. Ni abin da ke damuna, ana ta gina madatsu da gonakin shinkafa a ƙasashenmu, abu ne mai kyau, amma wa ke duba sauron da ke biyo baya?

Alhaji Dillali:
Ku yi haƙuri, ni ɗan kasuwa ne, zan faɗi abin da 'yan uwana ke faɗa a bayan ido. Tunkiya ta yi ɓari ba sabon abu ba ne. Akwai bakkale, akwai yunwa, akwai doguwar tafiya. Yanzu don tumaki biyu sun zubar sai mutum ya ruga ya kai ƙarar kansa? A rufe kasuwa, a hana fitar da dabba, farashi ya faɗi, kuma ba mai biyan ka ko sisi. Mu da muke jiran Babbar Sallah duk shekara.

Likitan Dabbobi:
Alhaji, ranka ya daɗe, tsoronka gaskiya ne, ba zan ce ƙarya ba ne. Bayan cutar ta ɓulla a Saudiyya da Yaman a watan Satumba na 2000, karon farko ke nan da ta fita Afirka, Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga ƙasashen Ƙahon Afirka. Somaliya sai a 2009 aka buɗe mata. Talakawa sun sha wuya ƙwarai.

Amma ɓarin wannan cuta ba ya kama da na bakkale. Bakkale ɗaya-ɗaya take ɗauka, galibi a ƙarshen ciki, tana tafiya a hankali. Wannan kuwa a mako ɗaya ko biyu za ka ga masu ciki suna zubarwa kusan dukansu, ƙaramin ciki da babba, garkenka da na maƙwabcinka a tare. 'Yan ragunan da aka haifa kwanan nan suna mutuwa, tara cikin goma na iya tafiya, alhali a manyan tumaki mutuwar ba ta kai haka ba ko kusa. In aka buɗe gawar, hanta ce ta lalace. Wanda ya ga wannan bayan ruwa mai yawa, ba tumaki biyu yake gani ba. Gargaɗi ne cewa mutanen gidan ne ke biye, don kusan kullum dabbobi ke riga mutane faɗuwa.

Ɗan Tawa:
Wallahi haka aka yi a 2016. Sai da mutane suka fara mutuwa sannan labari ya kai sama.

Sista Mai Jinya:
A lissafin ma'aikatar lafiya ta Nijar, zuwa 11 ga Oktoban 2016 mutum 105 ake zargin sun kamu a jihar Tawa, 28 sun rasu. Samfurin jini har Dakar aka kai, cibiyar Pasto ta tabbatar. Lokacin kuma ya zo daidai da taron Ingal, inda makiyaya daga ƙasashe da dama ke kai dabbobi lasar gishiri, shi ya sa hankalin hukumomi ya tashi sosai.

Ku dubi lissafin nan da kyau. A ƙa'ida, cikin duk waɗanda suka kamu, waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. To in ka ga 28 cikin 105, ka san masu tsananin ne kawai suka iso asibiti, sauran suna ruga da ƙauye an ce maleriya ce. Haka take farawa: kwana 2 zuwa 6 bayan kamuwa sai zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, wani lokaci amai. Mafi yawa cikin mako sun miƙe. Kaɗan ne take juyewa. Wasu ido take taɓawa bayan mako ɗaya zuwa uku, gani ya dushe, kuma idan tabon ya faɗa tsakiyar ido kusan rabinsu ganin ba ya dawowa daidai. Wasu ƙwaƙwalwa, da ruɗewa da mantuwa da farfaɗiya. Mafi muni ita ce mai zubar jini: kwana biyu zuwa huɗu da fara ciwo ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, sai jini ta hanci, ta dasashi, a amai, a bayan gida. A nan kusan rabi ba sa tashi.

Roƙona guda ne. Mai zazzaɓi da aka gwada ba a ga maleriya ba, ko ya sha maganin bai ji sauƙi ba, ya gaya wa ma'aikacin lafiya cewa dabbobinsa na ɓari. Wannan kalma ɗaya tana canza tunaninmu gaba ɗaya. Kuma don Allah a bar asfirin da diklofenak a irin wannan zazzaɓi, suna ƙara zubar jini.

Baƙon Gida:
Wai ba ita ce Lassa ba?

Sista Mai Jinya:
A'a ɗan uwa. Lassa ɓera ke yaɗa ta, kuma tana bi daga mutum zuwa mutum. Wannan har yau ba a tabbatar mutum ya shafa wa mutum ba.

Ɗan Fawa:
Ni maganar da ta shafe ni ita ce yanka. Kowa ya sani, dabba in ta kwanta mai ita ba ya bari ta mutu mushe, wuƙa yake sa mata ko ya kira mu da sauri a rage asara. Ni na gaji sana'ar nan, hannuna a cikin jini yake tun ina yaro. Idan sauro ne ke kawo cutar, me ya haɗa ta da wuƙata?

Likitan Dabbobi:
Ɗan Fawa, kai ne ma a sahun gaba. Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin dabbobi, amma yawancin mutanen da ke kamuwa ba cizo ne ya ba su ba. Jini ne, da kayan ciki, da ruwan haihuwa. Dabbar da ta kwanta, a daidai lokacin ne jininta ya fi cika da bairos. In ka yanka, jinin na shiga ta ɗan yankan da ke yatsanka, kana kuma shaƙar feshinsa lokacin fiɗa. Naman da ya dahu sosai ba shi ne abin tsoro ba. Mai yanka, mai fiɗa, mai wanke hanji, su ke ɗaukar kaya.

Ɗan Fawa:
To mu bar ta ta mutu a banza ke nan? Mai tunkiya uku ka ce ya zuba wa ɗaya ido?

Malamin Zaure:
Bari in sa baki ta fuskar addini, don da yawa suna ganin barin dabba ta mutu ba yanka almubazzaranci ne. Ƙa'ida sananniya ce a hadisi: babu cuta, babu cutarwa. Tsare rai yana gaba da tsare dukiya a wajen malamai. Idan masana sun ce jinin dabbar nan na iya kashe mai yanka da wanda ya taya shi, barinta ba saɓo ba ne. Layya ma ai ba ta halatta da dabbar da ciwonta ya bayyana. Amma ina tare da Ɗan Fawa a abu guda: wanda aka ce ya haƙura da tunkiyarsa don lafiyar gari, gari ya kamata ya ɗauke masa wani abu. Ko ƙungiyar mahauta da ta makiyaya su yi asusu.

Inna Mai Nono:
Duk maganarku ta maza ce. Wa ke zama da tunkiya in tana naƙuda? Wa ke jawo ɗan in ya maƙale, ya ɗauke mabiyiya? Wa ke tatsa? Mu ne da 'ya'yanmu mata, da hannu tsirara. Kuma yara a ruga da ɗumin nono suke sha daga ƙwarya. Sista, mai ciki fa? In tana zubar wa tunkiya ciki, mace fa?

Sista Mai Jinya:
Inna, kin taɓo wurin. An yi wani bincike a asibitin Fot Sudan, aka wallafa a 2016, aka ga ɓari ya fi yawa sosai a cikin mata masu ciki da cutar ta kama, in aka kwatanta da masu zazzaɓin da ba ita ba. Don haka mai ciki ta yi nesa da haihuwar dabba da abin da aka zubar, ko da babu annoba, saboda bakkale ma tana kama mutum ta wannan hanya. Wadda za ta taimaki dabba, in babu safar hannu, ta zura hannunta a leda mai kauri, ta rufe hanci da baki da mayafi, ta wanke da sabulu. Nono kuma a tafasa kafin a sha ko a kwantar da kindirmo.

Inna Mai Nono:
Tafasawa na cin itace, amma za a yi. Zan gaya wa mata a rijiya.

Ɗan Tawa:
Likita, babu allura ne? In akwai, me ya hana a yi wa dabbobi da zarar an ga ta ɓulla?

Ɗaliba a Zariya:
Baba, kafin Likita ya amsa, bari in bayyana yadda halittar bairos ɗin take, don amsar tana can. Bayanan gadonsa ba a dunƙule suke wuri guda ba, gutsure uku ne: babba, matsakaici, ƙarami. Babban shi ke ɗauke da injin da yake kwafar kansa. Matsakaicin shi ke ƙera rigar waje, wadda yake buɗe ƙwayar jikin dabba da ita, kuma ita ce garkuwar jiki ke ganewa. Ƙaramin yana da wani sinadari da ake kira NSs, aikinsa toshe kiran gaggawar da ƙwayar jiki ke yi in an shigo mata. Da shi yake samun sarari ya ci hanta kafin jiki ya farga.

Labari mai daɗi shi ne rigar ba ta cika canzawa ba. Wanda aka samu a Masar da na Kenya da na Muritaniya bambancinsu kaɗan ne, allura guda tana kare duka. Akwai ma wani da aka samo daga jinin majinyaci a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda Allah ya halitta da babban giɓi a NSs, ba ya iya cutarwa sosai. Daga shi aka yi allurar Clone 13 da Afirka ta Kudu ta yi wa rajista a 2010.

Matsalar gutsure uku ita ce musaya. Idan bairos biyu 'yan gida ɗaya suka shiga ƙwayar jiki guda, a dabba ko a sauro, 'ya'yan da za su fito na iya ɗaukar biyu daga wannan, ɗaya daga wancan. Kamar fatake biyu ne kowa da buhu uku a mota guda, wajen sauke kaya aka haɗa wa wani buhun da ba nasa ba. Kuma ba zato ba ne. A annobar 1997 zuwa 1998 a Kenya da Somaliya, an gwada wasu masu zubar jini ba a ga Kwarin Rift ba, sai aka ga wani mai suna Ngari. Da aka karanta gadonsa, babban gutsure da ƙaramin na bairos ɗin Bunyamwera ne, matsakaicin kuma na Batai. Iyayen biyu zazzaɓi mai sauƙi aka san su da shi. Bairos ɗin Oropuce da ya bazu a Barazil har ya kai Kuba a 2024, shi ma sabon haɗi ne irin wannan, kuma a shekarar aka fara tabbatar da ya yi kisa, alhali tun 1955 aka san shi a Tirinidad.

Alhaji Dillali:
Ikon Allah. Wato danginsu da yawa.

Ɗaliba a Zariya:
Da yawa, Alhaji, ɗaruruwa ne masu gutsure uku. Wasu sauro ke ɗauka, wasu kaska, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ba su kai sauro ba. A 2011 wani ya ɓulla a Jamus, Shmalenbag, tumaki da shanu suka riƙa haihuwar 'ya'ya da ƙafafu a sandare da wuya a karkace. Da aka nemi danginsa na kusa, sai ga Shamonda a ciki, wanda aka fara samu a jinin shanu a Najeriya a shekarun 1960, lokacin da ɗakin binciken bairos na Ibadan ke tattara su. Shuni ma a nan aka fara samunsa a wancan zamani, daga baya aka gan shi a dawakai masu ciwon ƙwaƙwalwa a Afirka ta Kudu da 'yan raguna masu naƙasa a Isra'ila. Abin da ke ci mini rai ke nan. A ƙasarmu aka gano su, amma makiyayinmu in ya ga ɗan rago ya fito a murɗe, babu inda zai kai a gwada masa cikin sauƙi.

Likitan Dabbobi:
To Malam Ɗan Tawa, ga amsar allura. Akwai ta dabbobi, ta mutane ce har yanzu ba a ba wa ko ɗaya lasisin sayarwa ba, ana dai kan gwaji. Tsohuwar ita ce Smithburn, tun ƙarshen shekarun 1940. Allura guda tana ba da kariya mai daɗewa, amma bairos ne mai rai da aka raunana, yana iya sa mai ciki ɓari ko ta haifi naƙasasshe. Akwai wadda aka yi da bairos ɗin da aka kashe, ba ta da wannan illa, sai dai sai an maimaita, abin da ke da wuya ga mai tashi yau nan gobe can.

Amma duk wadda za a yi, kafin annoba ake yi. In ta riga ta shiga garke, akwai dabbobin da jininsu ya cika da bairos ba su nuna ba tukuna. Mai allura ya soka wa wannan ya zare ya soka wa waccan, da hannunsa ya raba cutar. Ga kuma abin da ɗalibarmu ta faɗa, haɗa mai rai na allura da na daji a jiki guda ba abin so ba ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi rigakafin dabbobi a inda annoba ke ci. A gabashin Afirka sun kai ga amfani da hoton tauraron ɗan adam, a duba ruwa da tsiron ciyawa a yi hasashe. An yi gargaɗin annobar 2006 zuwa 2007 makonni kafin mutum na farko ya kwanta.

Ɗan Tawa:
Mu dai akwai shekarar da muka kai rahoton ɓari wani ofishi, aka ce babu man mota. Muka dawo muka binne abinmu.

Likitan Dabbobi:
Na san haka na faruwa, kuma abin kunya ne a gare mu ma'aikata. Duk da haka ka sake kaiwa, ka kai wa mai gari da asibitin mutane a rana guda, ka tura hoto ta waya. In ɓangare uku suka ji, da wuya a yi shiru. Abin da aka zubar kuma a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a bar wa karnuka su ja shi cikin gida. Garke a matsar da shi daga bakin tafki zuwa tudu, musamman da yamma da dare. Mutane su kwana a gidan sauro. Kada a kora dabbobin wata kasuwa don a rabu da su, don ana ganin ta haka cutar ta tsallaka teku zuwa Jizan a Saudiyya.

Alhaji Dillali:
Na ji, kuma na yarda ɓarin da ya kwashe garke a mako guda ba abin ɓoyewa ba ne. Amma ina nan kan bakana a maganar diyya. Muddin mai faɗin gaskiya shi ke asara shi kaɗai, mutane za su ci gaba da lodin dare. Ranar kasuwa mai zuwa muna da zama da shugabannin kara, zan kawo shawarar Malam ta asusu. Likita, in ka samu dama ka rubuto mana alamomin nan a taƙaice, da Hausa, yadda za a karanta wa waɗanda ba su da waya.

Ɗan Fawa:
A haɗa da na mahauta. Kuma a faɗa mana irin safar hannun da wuƙa ba ta saurin hudawa, don ta asibiti ba ta minti biyar a wajen fiɗa.

Likitan Dabbobi:
Ta roba mai kauri da ke kaiwa gwiwar hannu, irin ta masu wanki, tare da takalmin ruwa. Ana wankewa da ruwan bilic a sake amfani da ita. Zan rubuto duka biyun daren nan in sha Allah, Sista ta duba ɓangaren mutane kafin in saka.